Wanda Ya Amsa a Madadin Firinta

Ku matso kusa, ba na son ɗaga murya. Ummita, zauna nan gefena. Yau ba tatsuniya zan yi muku ba, don haka kada kowa ya ce ta zo mu ji ta. Farkon abin nan a gabana aka yi shi. Sauran kuwa daga bakin mai shi na ji.

Shekarar da aka tura ni aikin jinya wani asibitin ƙaramar hukuma ce. Ba zan faɗi garin ba, har yanzu akwai mutanenmu a can. Azumi ya kai ashirin da uku, kuma ya faɗo tsakiyar bazara. Zafi irin wanda ko kaji sai sun buɗe baki. Rabin ma'aikata sun ɗauki hutu, mu da muka rage muna jan ƙafa kawai. Ni kaina kwana biyu ban ga gadona ba.

Muna da wani mara lafiya, Malam Isiyaku, magini ne. Ƙodarsa ce ta tsaya. Kwana uku bai yi fitsari ba, ƙafafunsa sun kumbura har fata tana sheƙi. Likita ya ce abin ya fi ƙarfinmu, sai an kai shi birni an wanke masa jini, kuma a ranar. Motar asibiti ɗaya ce. Direba ya ce ƙarfe biyu zai tashi, da mara lafiya ko babu, domin bayan la'asar ba mai bin wannan hanya.

To, a birni ba sa karɓar mutum sai da bugaggiyar takarda: wasiƙar likita, sakamakon gwajin jini, da lambar da kwamfuta ke ba kowane mara lafiya. Rubutun hannu sun daina karɓa tun bara. Firinta ɗaya gare mu duk asibitin, tana ofishin kati. Kwamfutoci na aika mata aiki ta wata shuɗiyar waya da aka bi bango da ita.

Da safiyar ranar sai kwamfutocin duka suka ce ba su gan ta ba. Ga ta nan a kunne, tana ɗan gurnaninta, ga takarda a cikinta. Amma ka danna a buga, sai a ce maka babu ita.

Matar Isiyaku, Asabe, ta zo ta zauna a ƙasa bakin ƙofar ofishin. Ba ta kuka. Duk wanda ya wuce sai ta ɗaga kai ta dube shi, ta sake sunkuyarwa.

Aka kira Nafi'u. Shi kaɗai ke kula da kwamfutocin asibitoci huɗu a yankin. Siriri ne, ba shi da yawan magana, zai yi shekara talatin da biyar. Sha ɗaya da rabi ya iso a kan babur, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Ya ce tun bayan sahur yake wani asibitin yana fama da nasu. Ya ajiye jaka, ya durƙusa bayan firintar. Ni ina tsaye da fayil ɗin Isiyaku a hannu.

Ya kashe ta, ya kunna. Ya duba inda wayar ke shiga ta baya, akwai wasu ƴan fitilu biyu ƙanana a wurin, suna ƙyaftawa yadda ya kamata. Duk da haka ya cire guntuwar wayar da ta haɗa ta da bango, ya sa sabuwa daga jakarsa. Babu canji. Ya danna wasu maɓallai a jikinta, ta fitar da takarda ɗaya mai bayanin kanta, tas, babu ko ɗigo. Ya nuna mini wata lamba a ciki. Ya ce kamar lambar gida ce, da ita sauran na'urori ke kiranta, kuma daidai take.

Na tambaye shi ko ba za a jona ta kai tsaye da kwamfuta ɗaya ba, a buga a huta. Ya girgiza kai. Ya ce kamfanin da ya kawo kayan ya toshe wa kwamfutocin wannan hanya saboda cuta, kuma masu buɗewa ba sa zuwa ofis ranar Asabar.

Ya buɗe tasa kwamfutar ta hannu, ya kira lambar firintar. Aka amsa. Ga amsar nan a rubuce a gilashin kwamfutar. Ya ce idan tana amsawa, bai ga abin da zai hana ta karɓar aiki ba.

Sai ya miƙa hannu ya zare wayar daga jikinta gaba ɗaya. Ya sake kira.

Aka amsa.

Ya tashi ya kashe ta daga soket. Gurnanin ya tsaya, fitilunta suka mutu. Ya sake kira.

Aka amsa.

"Sista Saude," ya ce da ni a hankali, "wani ne ke amsa sunanta."

Da ya ga fuskata sai ya yi ɗan murmushin gajiya. Ya ce ba wani abu ba ne, yana faruwa, wata na'ura ce ta ɗauki lambar bisa kuskure. Maganinsa a sake wa firintar lamba. Ya kunna ta, ya ba ta sabuwa. Ba ta buga ba. Ya zare wayar, ya kira sabuwar lambar. Aka amsa. Ya ba ta ta uku. Haka. Duk lambar da ya ba ta, kafin ya zauna wancan ya riga ya karɓe.

Daga nan bai ƙara murmushi ba.

Ya mayar da komai yadda yake, muka tafi sito inda akwatin rarraba layi yake. Duk wayoyin asibitin a nan suke haɗuwa, kowacce da raminta, kowane rami da lambarsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana zarewa yana kira. Na ɗaya, ana amsawa. Na biyu, ana amsawa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da ya zare na tara, amsar ta ɗauke.

Ya duba takardar da ke manne a bango. Rami na tara na firintar ne.

Ya tsaya yana lissafi da baki. Wayar nan kai biyu gare ta. Ɗaya ga shi a hannunsa. Ɗaya yana ofishin kati, kuma ko da ya zare shi ɗazu ana amsawa. Ke nan mai amsawar ba a wannan kai yake ba, ba kuma a wancan ba. A tsakiya yake.

Ya tambaye ni ta ina aka bi da wayar. Na ce wata uku da suka wuce, da aka yi gyara, masu aikin sun ce zagaye ya yi nisa, sai suka ratsa da ita ta tsohon gini.

Tsohon ginin nan yana tsakanin sito da ofishin kati. Tun zamanin Turawa aka yi shi, a da can ake kwantar da masu tarin fuka. An rufe shi tun kafin a haife ni. Makullin yana wurin mai gadi, Baba Tanko. Da Nafi'u ya nema, tsohon ya dubi rana, tana tsakiyar kai, inuwar mutum duk ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce a bari a yi kiran azahar tukuna, ba a shiga can da tsakar rana. Nafi'u ya duba agogo. Ɗaya saura ashirin. Ya ce ba shi da wannan lokacin. Baba Tanko ya miƙa masa makullin, amma ya ce shi ƙafarsa na ciwo.

Na so in bi shi. Allah ya sani na so. Sai ga wata ma'aikaciya ta zo da gudu tana cewa numfashin Isiyaku ya canza. Na juya na tafi. Nafi'u ya mayar da wayar raminta, ya shiga shi kaɗai.

Daga nan labarinsa ne.

Ya ce abin da ya fara ji sanyi ne. A waje ƙarfe ba ya taɓuwa, a ciki kuwa kamar gindin rijiya. Ya yi zaton zai ji warin kashin jemage, sai ya ji ƙamshin turaren wuta, kaɗan, irin na ɗakin tsofaffi. Ya kunna tocilan. Ga shuɗiyar wayar a saman bango, an kafe ta da ƴan ƙusoshi masu farin kai. Ya bi ta.

Ɗaki na farko, gadajen ƙarfe jere, babu katifu. Ɗaki na biyu, haka. A nan ya lura ba ya jin janareto. Janaretonmu kuwa har kasuwa ake jin sa.

A ƙarshen barandar ciki sai ya ga wayar ta sauko daga bango. Ba tsinkewa ta yi ba. An zare ƙusoshin ne ɗaya-ɗaya, an jera su a kan taga, kawunansu duka suna duban gefe guda. Wayar ta kwanto ƙasa, ta nufi wata rufaffiyar ƙofa.

Bakin ƙofar akwai benci. A kan bencin wani dattijo ne zaune, da farar riga da ta sha wanki. Ya ɗaga wayar ya riƙe ta tsakanin yatsu biyu, yadda muke riƙe hannun mara lafiya idan muna ƙirga bugun jini.

Nafi'u ya yi sallama. Ya ɗauka ko wani majinyaci ne ya shigo neman sanyi.

Bakin dattijon ya motsa, ya gama motsi, ya rufe. Sannan muryar ta zo. Kuma ba daga wurinsa ta zo ba. Daga bayan kunnen Nafi'u ta zo.

Ya sauke tocilan ƙasa. Ƙura ce a daɓen, mai kauri, sawunsa shi kaɗai ne a cikinta. Hasken ya kai ga ƙafafun dattijon. Dugadugan ne a gaba. Ya ce sau ɗaya ya duba, bai ƙara ba.

Za ku ce me ya hana shi gudu. Ni ma na tambaye shi. Ya ce ya ba ƙafafunsa umarni, suka ƙi. Ba tsoro kaɗai ba ne, gajiya ce. Ya karanta abin da ya zo bakinsa, ya jingina da bango, ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Kai ne mai igiyar nan?"

"Ni nake kula da ita, Baba. Ba ni na sa ta ba."

"Na daɗe ina jiran ka."

Dattijon ya yi masa bayani, baki na riga murya kowane lokaci. Ya ce suna wurin nan tun ana kiwo a filin. Da aka yi gini suka matsa. Da aka cika shi da masu tari suka ƙara matsawa, har suka koma ɗaki ɗaya, ba su taɓa damun kowa ba. Yanzu matarsa ba ta da lafiya, tana bayan ƙofar nan. Wata uku ke nan igiyar nan tana magana a jikin bangonsu, ba dare ba rana. Sunayen marasa lafiya, cututtukansu, wanda aka kwantar, wanda aka sallama. Ku ba ku ji, in ji shi, mu muna ji. Wata uku ba ta runtsa ba, shi ma bai runtsa ba. Sau biyu ya je ofishin kati ya tsaya a layi don ya kai ƙorafi, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Shi ya sa yau ya riƙe igiyar. Duk wanda ya kira sai ya amsa, don mai ita ya biyo sawu.

Sai aka yi tari a bayan ƙofar. Dogo, mai nauyi, daga can ƙasa. Ƙusoshin kan taga suka yi rawa, suka tsaya.

Nafi'u ya ce da ya dubi fuskar dattijon sosai, abin da ya gani ba mugunta ba ne. Idanu ne da suka faɗa, irin na masu jinya da yake gani kullum a barandarmu. Sai ya samu bakin magana. Ya gaya masa labarin Isiyaku, da motar ƙarfe biyu, da matar da ke zaune a ƙasa bakin ofis.

Dattijon ya dubi wayar da ke tsakanin yatsunsa.

"Sunansa ya wuce ta nan sau tara tun jiya," ya ce. "Minti nawa kake bukata?"

"Kwata ɗin awa, Baba. Bayan nan zan cire ta daga ginin nan kafin rana ta faɗi."

"Kai kaɗai za ka cire. Kada ka shigo mana da kowa. Ba ta son hayaniya."

Ya buɗe yatsunsa. Wayar ta faɗi cikin ƙura.

Ni a lokacin na dawo ofishin kati, ina tsaye ban san abin yi ba. Sai firintar ta yi tari ta kama aiki. Duk abin da aka tura mata tun safe ta shiga amayarwa, takarda na bin takarda har suna zuba ƙasa. Na durƙusa ina tonawa. Asabe ta rarrafo ta shigo tana taya ni, ita da ba ta iya karatu ba, tana miƙo mini kowacce tana duban fuskata. Muka samu na Isiyaku, uku ne. Likita ya buga hatimi. Biyu saura minti goma motar ta fita ƙofa.

Nafi'u ya dawo fuskarsa kamar toka. Na yi masa sannu, na tambaye shi me ya samu. Ya ce waya ce ta sauka daga bango. Ya yi sallar azahar, ya nemi tsani.

Duk yinin nan shi kaɗai ya yi aikin. Wani leburan asibiti ya ce zai riƙe masa tsani, ya hana. Ya zaro wayar daga tsohon gini, ya zagayo da ita ta waje, ta ƙarƙashin rufin baranda, inda kwano ke tafasa. Tsawonta bai kai ba, sai da ya je gari a babur ya samo ƙari. Ina hango shi daga taga. Ya hau, ya kafa ƙusa biyu, ya sauko, ya ja tsani, ya sake hawa. Sau ɗaya na ga ya kifa goshinsa a jikin tsanin ya daɗe a haka. Na fita na ce masa ya bar sauran sai gobe, tun da ba wanda zai buga komai kafin Litinin. Ya ce ya yi alkawari. Ban gane da wa ba.

Rana ta yi ja ya gama. Ya gwada, komai ya tafi daidai. Sannan ya koma ciki karo na ƙarshe, don ya kwaso ƙusoshin da ke kan taga.

Ya tarar da dattijon a tsaye. Bayan ƙofar shiru.

"Ta yi barci," in ji shi. Muryar ma a hankali ta zo, kamar mai gudun tashin wani.

Ya ce ba shi da irin abin da mutane ke ba junansu. Amma ya ga yadda Nafi'u ya wahala yau yana neman inda layi ya mutu, kuma daga yau ba zai ƙara wannan wahalar ba. Ya miƙo hannu.

Dattijo ne, ya miƙo hannu. Nafi'u ya karɓa.

Wani sanyi ya hau har gwiwar hannunsa. Da aka sha ruwa tare muka zauna a baranda, na ga ya kasa riƙe kofi da dama. Na ɗauka guduma ce ta gajiyar da shi.

Bayan salla abin ya bayyana. Idan layi ya lalace, ba ya bukatar na'urar gwaji. Sai ya ɗora hannun dama a kan waya ya bi ta, inda ta mutu sai hannun ya ɗauki sanyi. Aikin yini ya koma na minti goma. Ya fara samun barci, har ya ɗan yi ƙiba. Isiyaku ma ya dawo da ƙafarsa, shi da Asabe, suka kawo mana gyaɗa. Ya riƙe hannun Nafi'u ya daɗe yana sa masa albarka. Lafiya lau.

Sai wata safiya ya shigo ƙofar asibiti, Baba Tanko ya taso da fara'a suka gaisa. Hannun ya ɗauki sanyi. Nafi'u ya duba ko akwai waya a kusa, babu. Ya wuce. Tsohon nan ƙalau yake, a ranar ma shi ya share gaban ofis. Kwana uku bayan haka aka je tashinsa sallar asuba, bai tashi ba.

Nafi'u ya ce wa kansa dacewa ce kawai. Allah kaɗai ya san gaibu, kuma haka ne. Bayan wata guda ya gaisa da wani saurayi da ya kawo wa yayarsa abinci. Sanyin ya sake zuwa. A makon ne mota ta kaɗe yaron a hanyar kasuwa.

Ku tuna a asibiti yake aiki. Daga ƙofa zuwa ofishin kati, mutum nawa ne za su miƙo maka hannu?

Ya koma tsohon ginin sau uku yana neman dattijon ya karɓi abinsa. Benci kawai ya tarar, da zafi, da warin jemage. Ya je wurin malamai, aka yi masa addu'o'i, ya sha rubutu. Hannun yana nan yadda yake.

Ranar da ya ajiye aiki ne ya zaunar da ni ya ba ni labarin nan duka. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da ya gama ya ce, "Sista, ba mugunta ya yi mini ba. Shi a ganinsa alheri ne. Amma na gaji. Ba na son in sani."

Yanzu yana da ɗan shago a birni, yana ja wa masu shaguna waya. Aikinsa na da kyau, mutane na nemansa. Idan ka miƙa masa hannu sai ya dafe ƙirji ya sunkuya, wasu na cewa girman kai ne. Ƴarsa ƙarama da hagu yake ɗaukarta. Mahaifiyarsa ta tsufa, ba ta iya tashi sai an kama ta. Kullum ta miƙo hannu, hagu yake ba ta. Tana yi masa faɗa, tana cewa ba haka ta rene shi ba, boko ne ya ɓata shi. Shekara huɗu ke nan yana shan wannan faɗan. Shiru yake yi, ya ɗaga ta.

Saboda haka ku ji ni da kyau, musamman ku maza masu son leƙe-leƙe. Ginin da aka rufe, ba kowa ne ya fita ba. Kada ɗayanku ya shiga shi kaɗai, ko da rana tsaka ce, ko da aiki ne ya kai shi. Idan kuwa ƙaddara ta sa ka shiga, ka tarar da wani a zaune, ka yi masa sallama, ka girmama shi, ka cika abin da ka ce za ka yi. Amma idan ya miƙo hannu, ka riƙe naka a ƙirji, ka ce na gode, ka fito.

Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta.